KWALEJIN BAREWA TA ZARIYA

Jama'a, karatunmu na yau a kan wata makaranta ne. Sunanta Kwalejin Barewa. Tana bayan ganuwar birnin Zariya, a kan hanyar Gaskiya. Makarantar gwamnati ce ta 'yan maza, kuma a cikinta yara ke kwana. A shekarar 2021 ta cika shekara 100 da kafawa.

Wataƙila wani zai ce, "Ina ruwana da kwaleji, ni da yanzu na fara haɗa baƙi?" To, ka saurara. Kai ba za ka shiga kwaleji ba, amma kana da ɗa, kana da jika. Wata rana za a zo maka da takarda, a ce yaronka ya ci jarrabawa, ana nemansa a babbar makaranta. A ranar nan kai za ka ce ya tafi, ko ka ce ya zauna. Ya kamata ka san irin wurin da ake kiransa, tun ranar ba ta zo ba.

Ku karanta a hankali. In kun iske kalma mai wuya, ku tsaya ku rarraba ta gaɓa gaɓa.

1. KAFIN A YI KWALEJI

Ƙasarmu ta daɗe da ilmi. Tun Turawa ba su zo ba akwai makarantun allo a gari da ƙauye. Akwai manyan malamai masu karantar da littattafai a zaurukansu. Akwai alƙalai da magatakarda masu rubutu da Larabci da ajami.

Da Turawa suka ci ƙasar, sai suka zo da nasu irin karatu, watau boko. A shekarar 1909 wani Bature ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan birnin Kano. Sunansa Hanns Vischer, amma mutane suka sa masa suna Ɗan Hausa, don ya ji Hausa ƙwarai. Gidansa na nan a Kano har yau, ana ce da shi Gidan Ɗan Hausa.

Bayan wannan sai aka yi ta buɗe makarantu a larduna, kamar Sakkwato da Katsina da Zariya da Bauci da Bida da Barno. Da farko mutane suka ƙi. Suna tsoron kada a ɓata wa 'ya'yansu addini. Waɗansu suka ɓoye yaransu a rumbu. Waɗansu manya kuma, da aka ce su kawo 'ya'yansu, sai suka aika da 'ya'yan barorinsu.

Duk da haka makarantu suka ƙaru. Sai wata wahala ta fito. Ga makarantu, ga yara, amma malaman da za su koya musu ba su isa ba. Makaranta ba malami kuwa kamar rijiya ce ba guga. Sai gwamnati ta ga babu dabara sai a kafa makaranta guda babba, inda za a horad da samarin Arewa su zama malamai.

2. ZAMAN KATSINA

Aka zaɓi birnin Katsina. Dalili na farko, Katsina ta yi suna wajen ilmi tun zamanin da. Garin Wali Ɗan Marina ne da Wali Ɗan Masani, ga kuma hasumiyar Gobarau. Iyaye ba za su ji nauyin aika 'ya'yansu garin malamai ba. Dalili na biyu, Katsina tana nesa da hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar 'yan kasuwa, saboda haka hankalin yara zai tsaya a kan karatu. Dalili na uku, Sarkin Katsina na lokacin, Muhammadu Dikko, mutum ne mai son ci gaba, ya karɓi abin da hannu biyu.

Aka fara karatu a shekarar 1921. A watan Maris na 1922 Gwamnan Nijeriya, Sir Hugh Clifford, ya zo da kansa ya buɗe makarantar. Aka sa mata suna Kwalejin Katsina. Shugabanta na farko wani Bature ne, Mista Bieneman.

Ginin na ƙasa ne, irin namu. Maginan Katsina suka yi shi da tubali da azara, suka yi masa soro da baka. Ba kwano, ba siminti. Ginin nan yana tsaye har yanzu. An sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa, mutane suna zuwa kallo. Ku dubi wannan, ku da kuke ganin ginin ƙasa ba ya ƙarko. In ana yaɓe ana gyara, yakan binne jikokin wanda ya gina shi.

Daga ko wane lardi akan zaɓo yaran da suka fi ƙoƙari. Mota ba ta yawaita ba a zamanin. Yaro ya ɗaura 'yan kayansa, ya bi ayari, ya yi kwana da kwanaki yana tafiya a ƙasa. Daga Sakkwato zuwa Katsina tafiyar kamar mako guda ce. Haka za ya zo, haka za ya koma in an yi hutu.

Karatun na shekara 5 ne. Ana koyon Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da Larabci da dabarun koyarwa. An fi matsa wa yara wajen Turanci, a ce sai sun fid da ko wace kalma daidai. Shi ya sa waɗanda suka fito daga Katsina suka yi suna wajen iya magana. Da la'asar kuma a fita wasa. Akwai wasan kurket, akwai kuma ƙwallon bango, wanda ake bugawa da tafin hannu. Har yau ana wannan wasa a Katsina.

Malaman ba Turawa kaɗai ba ne. Akwai namu, kamar Malam Bello Kagara da Malam Nagwamatse. Su ke lura da karatun addini da tarbiyyar yara. Lokacin salla a yi salla, watan azumi a yi azumi.

Akwai wata al'ada da aka fara tun a Katsina. Duk yaron da ya shiga, sai a ba shi lamba a babban littafin makaranta. Lambar nan tasa ce har mutuwa, ba a ba wani. Wani yaro daga Raba ta ƙasar Sakkwato, mai suna Ahmadu, ya shiga a 1926, aka ba shi lamba 87. Wani kuma daga ƙasar Bauci, mai suna Abubakar, ya shiga a 1928, aka ba shi lamba 145. Ku riƙe sunayen nan, za mu komo kansu.

Lambar nan ta 145 tana gaya mana wani abu. Daga 1921 zuwa 1928 yaran da suka shiga ba su fi haka ba sosai. Watau a shekara ba a ɗaukar fiye da kamar yara ashirin, a duk faɗin Arewa. Kun ga ƙofar ƙarama ce ƙwarai.

3. ƘAURA ZUWA KADUNA

Ana nan, sai zamani ya ci gaba. Gwamnati ta ga ba malaman makaranta kaɗai ake bukata ba. Ana son ma'aikatan asibiti, da malaman gona, da malaman dabbobi, da masu awon ƙasa, da masu aikin hanya da gada. Waɗannan ayyuka duka sai da ilmin kimiyya. Koyar da kimiyya kuwa yana son ɗakuna na musamman, da ruwan famfo, da kayan gwaji. Ginin Katsina ya yi kaɗan.

A shekarar 1938 aka kwashe makarantar aka kai ta Kaduna, wadda ita ce hedkwatar Arewa a lokacin. Suna ya sake, ta zama Kwalejin Kaduna. Aka shiga sabon gini, kowa yana murna.

Murnar ba ta daɗe ba. A 1939 Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi. Soja suka bukaci wurin, suka karɓe gine-ginen. Aka mai da yara da malamansu wani wuri na wucin gadi a nan cikin Kaduna. Suka zauna cikin matsi, kayan aiki kaɗan, malamai kaɗan. Amma ba a rufe makarantar ba, karatu ya ci gaba har yaƙi ya ƙare a 1945.

Ku lura da wannan. An karɓe musu gini, amma ba a karɓe musu makaranta ba. Inda malami yake, da ɗalibi, da niyya, nan makaranta take, ko da a gindin itace ne.

4. ZUWA ZARIYA

Da yaƙi ya ƙare sai aka nemi wurin zama na dindindin. Aka sami fili a Zariya, kamar mil 50 arewa da Kaduna. A shekarar 1949 makarantar ta tare a can, kuma a can take har yau.

Zariya ta dace da ita. Tsohon garin malamai ne. Jirgin ƙasa ya ratsa ta, saboda haka yara daga nesa suna iya zuwa ba wuya. Ga kuma Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, inda aka riƙa buga littattafan Hausa da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Makarantar da kamfanin maƙwabta ne, shi ya sa ake ce da hanyar wurin hanyar Gaskiya. Daga baya, a 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, garin ya ƙara cika da masu neman ilmi.

A Zariya ma sunan ya sake sau da dama. Da farko ana ce da ita Sakandaren Gwamnati ta Zariya. A 1956 ta koma Kwalejin Gwamnati ta Zariya. A 1971 aka raɗa mata sunan da take da shi yanzu, Kwalejin Barewa.

Barewa dai kun san ta, dabbar dajin nan mai kyaun gani, mai zafin gudu. Hotonta ne alamar makarantar. Akwai kuma wata magana ta Larabci da makarantar ta riƙe take: man jadda wajada. Ma'anarta, wanda ya yi ƙoƙari ya samu.

Me ya sa aka gina ta a bayan gari, ba a cikin birni ba? Cikin birni gida na jikin gida, ba fili. Makarantar kwana kuwa tana son wuri mai faɗi. Ana bukatar wurin azuzuwa, da wurin kwana, da gidajen malamai, da filayen wasa. Ana kuma son yara su yi nesa da kasuwa da kiɗan biki, su sami natsuwa. Lokacin da aka tare, kewayen wurin gonaki ne da saura. Yanzu gari ya bunƙasa, gidaje sun matso kusa da ita.

5. BARI MU ZAGA CIKI

In ka shiga ƙofa, abin da za ka fara lura da shi faɗin wurin ne. Kai ka ce wani ƙauye ne guda. Ga hanyoyi, ga itatuwa masu inuwa. In ka ɗaga kai wajen yamma, ƙasar Wusasa ke nan da dutsen Kufena.

Akwai ofishin shugaban makaranta. Nan ake ajiye littattafan sunayen ɗalibai. In kana da magana a kan ɗanka, nan za ka fara zuwa.

Akwai azuzuwa, ko wanne da allo da kujeru. Ba malami ɗaya ke koyar da kome da kome ba, kamar yadda ake yi a ƙaramin aji. Ko wane fanni da malaminsa. In an kaɗa ƙararrawa, malamin lissafi ya fita, na Turanci ya shigo.

Akwai ɗakunan gwajin kimiyya. A nan yaro ba ya tsayawa ga abin da aka gaya masa, sai ya gwada da hannunsa. Ya auna, ya zuba, ya dafa, ya duba da madubin ƙara girma, ya rubuta abin da ya gani. Likitan da ke duba ka a asibiti, daga irin wannan ɗaki ya fara.

Akwai ɗakin karatu, inda aka tara littattafai. Ba a hira a ciki. Yaro ya ɗauki littafi ya karanta, in ya gama ya mayar, don na bayansa ya samu.

Akwai masallaci. Akwai ɗakin cin abinci, da madafa. Akwai wurin shan magani. Akwai filayen wasa, na ƙwallon ƙafa da na guje-guje da tsalle-tsalle. Akwai gidajen malamai, don malami ya kasance kusa da yara dare da rana.

Sa'an nan ga ɗakunan kwanan yara. An raba su gida gida. Ko wane gida yana da malami mai lura da shi, da manyan ɗalibai masu taimakonsa. Yaro shi ke gyara gadonsa, shi ke wanke tufafinsa, shi ke share ɗakinsa. Ɗan sarki da ɗan talaka tsintsiya ɗaya suke ɗauka. Bakano ya kwana kusa da Babarbare, Banufe kusa da Bafillace, Musulmi kusa da Kirista. Gidaje sukan yi gasa da juna wajen wasa da tsabta.

6. SUNAYEN GIDAJE

Sunayen gidajen nan kansu darasin tarihi ne. Ga su, da masu sunan.

Gidan Lugga. Gwamna Lugga shi ya haɗa Arewa da Kudu suka zama Nijeriya a 1914.

Gidan Clifford. Shi ne Gwamnan da ya buɗe makarantar a Katsina.

Gidan Ɗan Hausa. Shi ne mai makarantar Nasarawa ta 1909.

Gidan Malam Smith. Bature ne, ya shugabanci ma'aikatar ilmi ta Arewa.

Gidan Bieneman da Gidan Mort. Dukansu biyu sun shugabanci kwalejin.

Gidan Bello Kagara da Gidan Nagwamatse. Su ne malamanmu na zamanin Katsina.

Gidan Ja'afaru. Malam Ja'afaru shi ne Sarkin Zazzau daga 1937 zuwa 1959, a zamaninsa makarantar ta tare a Zariya.

Gidan Sulaimanu Barau. Ɗan Kwalejin Katsina ne, ya yi malanta, ya kuma zama Sarkin Abuja ta da, wadda yanzu ake kira Suleja.

Ku duba da kyau. Cikin masu sunan nan akwai gwamnoni, akwai sarakuna. Amma mafi yawansu ma'aikatan ilmi ne. An ajiye sunan malamin makaranta kafaɗa da kafaɗa da na gwamna.

7. 'YA'YAN MAKARANTAR

Yanzu mu koma kan yaran nan biyu. Mai lamba 87 ya gama a 1931, ya koma ya yi malanta a Midil ta Sakkwato. Daga baya ya zama hakimin Raba, ya zama Sardaunan Sakkwato. A 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Shi ne Sir Ahmadu Bello.

Mai lamba 145 ya gama a 1933, ya yi malanta a Midil ta Bauci. Ba ɗan sarki ba ne. A 1957 ya zama Firayim Ministan Nijeriya, kuma shi ke kan kujerar ranar da aka sami mulkin kai, 1 ga Oktoba 1960. Shi ne Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Su biyun an kashe su a juyin mulkin watan Janairu na 1966. Allah ya ji ƙansu.

Sir Kashim Ibrahim na Barno, wanda ya yi Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966, shi ma ɗan Kwalejin Katsina ne.

A zamanin Kaduna aka yi Malam Aminu Kano, wanda ya shugabanci jam'iyyar NEPU, ya tsaya wa talakawa. Aka kuma yi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya fara da malanta, ya zama Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983.

A zamanin Zariya aka yi Janar Yakubu Gowon. Kirista ne, ya tashi a Wusasa, nan kusa da makarantar. Ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Wanda ya gaje shi, Janar Murtala Muhammad, shi ma a nan ya yi karatu. Haka kuma Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, Shugaban Ƙasa daga 2007 zuwa 2010, ya yi ƙarshen karatunsa na sakandare a nan. In kun ƙidaya, mutum 5 ke nan da suka riƙe Nijeriya duka, ban da Sardauna da ya riƙe Arewa.

Ga wani abin lura. Sardauna da Malam Aminu Kano makarantarsu ɗaya, amma jam'iyyarsu ba ɗaya ba ce, sun yi ta ja-in-ja a fagen siyasa. Makaranta ba ta mai da mutane su zama masu ra'ayi ɗaya. Abin da take yi, ta ba kowa abin da zai kare ra'ayinsa da shi.

Mu masu koyon karatun Hausa ma muna da rabo a nan. A 1933 aka yi gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Cikin littattafan da aka zaɓa aka buga akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara. Biyu ɗaliban Kwalejin Katsina ne, ɗaya malaminta ne. Malam Bello kuwa wan Abubakar Imam ne. Abubakar Imam shi ya rubuta Magana Jari Ce, shi ne kuma editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara ta a 1939. Ranar da karatunku ya nuna har kuka ɗauki ɗaya daga cikin littattafan nan, ku tuna inda masu shi suka fito.

Ban da waɗannan sanannu, akwai dubbai da ba a jin sunansu a rediyo. Akwai malaman makaranta, da likitoci, da alƙalai, da injiniyoyi, da malaman gona. Aikinsu ya iso har ƙauyukanmu.

8. ABIN DA BA MU ƁOYEWA

Labari ba ya cika sai an faɗi daɗi da ɗaci. Turawa ba su kafa kwalejin don kowa da kowa ya sami ilmi ba. Sun kafa ta don su sami 'yan ma'aikata kaɗan masu taimakonsu. Shekara da shekaru ita kaɗai ce irinta ta gwamnati a duk Arewa, alhali a Kudu manyan makarantu sun yi yawa. Wannan ya sa da mulkin kai ya matso, masu ilmin zamani a Arewa ba su isa aikin da ke gabansu ba.

Na biyu, makarantar maza ce zalla. 'Yan mata sun daɗe ba su da irinta. Sai a 1956 aka buɗe babbar makarantar gwamnati ta 'yan mata a Ilori. Ku lissafa, shekara 35 ke nan tsakani. Wannan rata har yanzu muna jin ciwonta, musamman in mace ba ta da lafiya aka rasa likita mace da za ta duba ta.

Na uku, gini yakan tsufa. Yara sun yi yawa fiye da na da, rufi yakan yi yoyo, kujera takan karye. Yanzu makarantar tana hannun gwamnatin Jihar Kaduna. Tsofaffin ɗalibanta kuma suna da ƙungiya, sukan tara kuɗi su yi gyara, su sayi kayan aiki. Sun san abin da suka ci a wurin, ba su manta ba.

9. ABIN DA YA SHAFE MU

Yanzu ba kamar da ba ne. Ba sai yaro ya yi tafiyar mako guda a ƙasa ba. Makarantun sakandare sun yawaita, na maza da na mata. Yaro yakan yi shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare. Ƙofar da a da yara ashirin ke shiga a shekara, yau ta buɗe wa dubbai.

Amma ƙofa a buɗe ba ta jawo mutum, sai ya taka da ƙafarsa. Ga abin da ke kanmu, mu iyaye.

Na ɗaya, mu sa yaro makaranta da wuri, mu bar shi ya gama. Na san damina takan zo, aiki ya yi yawa, uba ya so ya cire yaro don noma. Gaskiya ne rashinsa a gona hasara ce. Amma hasarar shekara guda ce, ta cire shi kuwa ta dukan rayuwarsa ce. Ya taimaka da yamma, da ranakun da ba makaranta, da lokacin hutu.

Na biyu, kada mu raba shi da karatun addini. Mun ga yadda aka haɗa biyun tun a Katsina. Ya yi allo da asuba ko da dare, ya yi boko da hantsi.

Na uku, abin da muka yi wa ɗa namiji mu yi wa 'ya mace.

Na huɗu, makarantar gwamnati ba ta wani baƙo ba ce. Da kuɗin jama'a aka gina ta, watau kuɗinmu. In an kira taron iyaye mu je. In mun ga ana cin filin makarantar garinmu, ko ana kwashe mata ƙofofi da tagogi, mu yi magana wurin mai unguwa da dagaci.

Na biyar, mu ma mu dage da namu karatun. In yaro ya kawo sakamakon jarrabawa, uban da ya iya karatu zai duba da idonsa, ya san inda yaron ya yi ƙoƙari da inda ya yi wasa. In yaro ya aiko da wasiƙa, ba sai an kai wa wani ya ji asirin gida ba. Yaron da ya ga ubansa ko uwarsa da littafi a hannu kuwa, ba ya raina littafi.

Iyayen da suka saki 'ya'yansu suka bi ayari zuwa Katsina ba su san abin da yaran za su zama ba. Sun yi ƙarfin hali, suka yi musu addu'a, suka sallame su. Allah ya ba mu irin wannan zuciya, ya shirya mana zuriya, amin.

TAMBAYOYI

1. A wane gari aka fara kafa Kwalejin Barewa, kuma a wace shekara?
2. Faɗi dalili biyu da suka sa aka zaɓi garin nan.
3. Me ya sami makarantar a Kaduna lokacin yaƙi?
4. Don me aka gina ta a bayan gari?
5. Wane ne mai lamba 87? Wane ne mai lamba 145?
6. Faɗi littafin Hausa ɗaya da ɗan kwalejin ya rubuta.
7. Mene ne ma'anar taken makarantar?

LISSAFI

1. Makarantar ta zauna a Katsina daga 1921 zuwa 1938. Shekara nawa ke nan?
2. Ta zauna a Kaduna daga 1938 zuwa 1949. Shekara nawa ke nan?
3. Daga 1949 zuwa 2021 shekara nawa ne?
4. Ku tara amsoshin nan uku. In kun sami 100, lissafinku ya yi daidai.

RUBUTU

Kowa ya rubuta sunan makarantar da ta fi kusa da gidansa. A ƙarƙashi ya rubuta sunayen yaran gidansu da ke zuwa makaranta. A ƙarƙashin wannan kuma ya rubuta sunayen waɗanda suka isa zuwa amma ba su zuwa. Ku zo da takardar aji na gaba, mu tattauna a kanta.